Yadda ake gyara sarewar gwangwani in ruwa ya shaƙe mata maƙogwaro

Duk wanda ya taɓa busa sarewar gwangwani da dare a Yamai cikin watan Janairu ya san wannan takaicin. Ka zaro ta daga jaka, ka gwada, murya fes. Kafin a sauke shayin farko ta fara dusashewa, sautin ƙasa ya koma rawa-rawa, na sama ya ƙi fita sai da ƙarfin tsiya, can sai ta ɗauke ɗif a tsakiyar waƙa, ga mutanen fada sun zuba maka ido. Ƴan koyo sukan kawo mini tasu suna cewa, "Malam, duba mini, ko jabu aka sayar mini?" Galibi lafiyarta lau. Ruwa ne ya tsaya mata a wuya.

Sarewar da nake nufi ita ce ƴar siririyar nan ta ƙarfe mai huji 6, wadda Turawa ke kira tin wisil, tsawonta kamar santimita 30 in ta Re ce, wato wadda sautinta mafi ƙasa shi ne Re na do-re-mi, kuma ta Re ɗin ta fi yawa a hannun mutane. Wani Bature mai suna Robert Clarke ya fara ƙera ta don sayarwa a Ingila a 1843, amma kiɗan gargajiyar ƙasar Ailan ne ya yi mata suna. Waɗanda ke faɗowa hannunmu, ko ta ɗan'uwa da ya dawo daga tafiya ko cikin kayan gwanjo, yawanci Generation ne ko Feadóg, masu jikin ƙarfe da kan roba, sai jefi-jefi Clarke mai toshiyar katako a baki.

Ka ɗaga taka ka leƙa ta baki, kana fuskantar haske. Wannan ƴar tsagar da iska ke bi, wadda da ƙyar kaurinta ya kai milimita 2, ita nake kira maƙogwaro. Tana ɓullewa a wata ƴar taga mai kusurwa huɗu, a ƙarshen tagar kuma akwai gefe mai kaifi, shi ne harshe. Iska takan fito daga maƙogwaro a shimfiɗe kamar takarda, ta daki harshe ta rabu biyu, a nan sauti ke samuwa. Bafulatani mai sarewar kiwo da leɓɓansa yake saita iska, shi ya sa bai san wannan ciwon ba. Ita kuwa tamu an riga an saita mata hanya tun daga masana'anta, ɗigon ruwa ɗaya mai girman ƙwayar gero in ya tsaya a ciki ya isa ya karkatar da iskar daga harshe.

Yawanci ba miyau ba ne

Sai na tsaya a nan kaɗan, don wanda bai gane wannan ba zai yi ta maganin abin da ba shi ne ciwon ba. Mutane suna ɗauka miyau ne, har wasu su ji kunya. Akwai miyau ɗan kaɗan, musamman ga sabon shiga, amma mafi yawan ruwan raɓa ce. Numfashin mutum yana fitowa da ɗumin da ya kai digiri 34 ko kusa da haka, kuma a ƙoshe yake da laima. Da ya taɓa abin da ya fi shi sanyi sai laimar ta koma ruwa. Ɗaga murfin butar shayi ka ga yadda ruwa ke tsatstsafowa a cikinsa, ko ka dubi kwalbar lemo da aka fiddo daga firij tana zufa. Abin da ke faruwa ke nan a maƙogwaron sarewa.

Shi ya sa ciwon yake da lokacinsa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Yamai ke wuce digiri 40, sarewar ta fi numfashinka zafi, raɓa ba ta da wurin sauka, sai ka wuni kana busa ba ka ji komai ba. Disamba da Janairu kuwa, da dare ko da asuba, sanyi kan sauko wajen digiri 15 zuwa 17, a Tawa ma iskar hunturu ta fi tamu cizo, ƙarfe ya yi sanyi ƙalau. Da damina ba sanyin ne matsala ba sosai, ruwan ne ba ya bushewa da wuri. Sai kuma ɗakin da ke da na'urar sanyi, wanda hunturu ne na haya ko da a tsakiyar bazara.

Kafin ka taɓa komai, yi wannan gwajin. Ka bar ta ta kwana a buɗe ta bushe sarai, da safe ka busa. In ta fara da murya garau sannan ta dusashe bayan ƴan mintoci, ruwa ne. In tun busar farko a shaƙe take, to ko datti ne ya daskare a ciki, ko harshe ya sami rauni, ko kan ya tsage, ko kuma yatsunka ne ba su rufe huji da kyau ba. Na ƙarshen nan ya fi yawa ga ƴan koyo, sai dai ba sa son a faɗa musu.

Ɗumama ta tukuna

Matakin farko ba ya cin ko dala. Minti 5 zuwa 10 kafin ka fara, sa kan sarewar a hammata, ko cikin aljihun gaban riga inda zai taɓa ƙirji, ko ka dunƙule shi a tafin hannu kuna hira. Kan shi ne muhimmi, jikin ba ya damunka sosai. In taka duk ƙarfe ce har kai, irin manyan nan na alminiyom masu murya ƙasa-ƙasa, ƙara mata lokaci, don su ne suka fi kowace shaƙewa.

Kada ka ɗumama ta da huci. Kowa yana yin wannan kuskuren, ya rufe taga ya yi ta hura mata iska mai ɗumi wai ta yi zafi. Za ta yi ɗumi kam, amma ka riga ka jiƙa ta tun ba a fara ba.

Wuta kuma, a kul. Wani dare a fadarmu ina sauri, sanyi ya ishe ni, na jingina tawa a gefen murhun shayi na ce bari ta ɗan sha ɗumi kafin in gama gaisawa da baƙi. Ban fi minti uku ba. Da na ɗauko ta ban ga wani ƙonewa ba, illa ɗan sheƙi a gefe ɗaya na robar. Da na leƙa maƙogwaron sai na ga rufinsa ya ɗan lotsa a tsakiya, hasken da ke shigowa a miƙe ya koma kamar jinjirin wata. Tun daga ranar ba ta sake fitar da sautin sama ba. Wani dattijo da ke zama da mu ya karɓa ya jujjuya ta, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri na sanyi ma zai dafa." Na ce, "Haka ne, Baba." Me zan ce?

In ta shaƙe kana cikin busa

Ko ka ɗumama ta, in zaman ya yi tsawo ruwa zai taru. Hanyar fitar da shi ita ce ka ɗora yatsa a kan taga, a kwance, ka rufe ta ba tare da ka danna harshe ba, sannan ka yi huri ɗaya gajere mai ƙarfi, kamar mai kore ƙwaro daga bakin kofi. Ruwan zai fice ya gangara cikin jikin sarewar, inda ba ya cutar da sauti. Rufe tagar nan dole ne. In ka manta, ƙarar da za ta fita sai ta tashi jaririn maƙwabta, kuma in akwai makirufo a gabanka, Allah ya ba masu sauraro haƙuri.

Akwai wadda ta fi wannan sauri, ita ce zuƙa. Ka ja iska baya da sauri ta bakin sarewar, ruwan ya dawo bakinka ka haɗiye. Ba ta da ƙara, ba sai ka ɗaga hannu ba, ana iya yin ta a gurbin numfashi tsakanin baiti da baiti babu wanda ya lura. Wasu suna ƙyama, alhali numfashinka ne ya dawo maka. Ni ina yi, amma da sharaɗi biyu, sarewar tawa ce ni kaɗai, kuma a wanke take. Wadda ta kwana uku a jaka cikin ƙurar hunturu ba na zuƙar ta, haka ma ta aro.

In an tsaya hutu, riƙe ta da kyau ta wajen kai ka yarfe ta ƙasa sau biyu ko uku. Ta wajen kai na ce, don in ka riƙe jikin kaɗai kuma kan ba a manne yake ba, zai tashi sama ya faɗa inda ba ka so. Kada ka ƙwanƙwasa ta a tebur ko a gwiwar kujera.

Ga wata dabara ga mai kan da ke cirewa. Cire kan, toshe ƙasansa da tafin hannu, sa bakinka a kan taga ka hura. Ruwan zai koma ta inda ya shigo, ya fito ta baki tare da duk wani ɓurɓushi. Wannan ta fi kowace share maƙogwaro, sai dai tana son ɗan lokaci.

Bakinka ma yana da laifi

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne dalilin da ya sa sarewa biyu iri ɗaya, a dare ɗaya, ɗaya ta shaƙe ɗaya ta ƙi. Ashe maiƙo ne. Zuba ɗigon ruwa a faranti mai tsabta, za ka ga ya baje. Shafa wa farantin mai ka sake zubawa, sai ruwan ya dunƙule ya tsaya ƙwaya-ƙwaya. Ruwan da ya baje ba ya hana iska wucewa, wanda ya dunƙule shi ne mai toshewa.

To ka tuna abin da muke yi da hunturu. Leɓe ya tsage, a lakato basilin ko man kaɗanya a shafa, a ɗauki sarewa. Kowace busa tana tura ɗan man nan cikin maƙogwaro, ƙura ta zo ta manne a kai, raɓa ta sauka ta dunƙule. Lokacin da sanyi ya fi yawa, lokacin ne kuma muka fi shafa mata mai da bakinmu. Goge leɓɓanka da ƙyalle kafin ka busa, in ka gama ka shafa abinka.

Haka abinci. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, fura da nono, duk suna barin saura a baki. Goro ya fi su duka ɓarna, don ɓurɓushinsa yana shiga ya maƙale ya bushe ja-ja-wur. Shayin fada mai sukarin nan kuwa yana tsinka miyau, ya bar danƙo a ciki. Kurkure baki da ruwa kafin ka fara, ko da na leda ne. Sannan kada ka cusa bakin sarewar can ciki kamar mai shan rake. Ɗan ƙarshenta kaɗai leɓɓa za su riƙe, haƙora ba ruwansu, kuma ka saba da haɗiye miyau duk sanda ka tsaya shan iska.

Wanka

Wannan na masu kan roba ne da masu ƙarfe zalla. Mai toshiyar katako ya dakata, zan zo kansa.

In kan yana cirewa, fara da yi wa jikin alama da fensir ko ɗan salatif daidai inda kan ya tsaya, don matsar da shi gaba ko baya yana sauya daidaiton sauti. In an manne shi da gam, tsoma kan cikin ruwa mai zafin da yatsa zai iya jurewa na ɗan lokaci, ka riƙe da ƙyalle ka murɗa a hankali. In ya ƙi, ƙara jiƙawa, kada ka ɗauko filaya. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba. In ma ka ga abin zai zama rigima, bar kan a wurinsa ka wanke shi haka nan, ba laifi.

Jiƙa kan cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa na wanke kwanoni kamar minti 10. Sannan ka yanko siririn tsiri daga tsohon katin waya, wanda faɗinsa bai kai na maƙogwaron ba, ka zura ta baki ka goga sama da ƙasa da kusurwoyi. Gashin kaza ko na zabo mai tsabta ma yana yi, ya ma fi shiga lungu. Abin da zai fito zai ba ka mamaki. Na taɓa wanke ta wani ɗalibina, katin ya fito da wani baƙin danƙo mai ratsin ja, ya dube shi ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi ba na cin goro." Na ce to sai dai in sarewar ce ke ci a ɓoye.

Allura, waya, tsinken ƙarfe, bakin wuƙa, kada ɗayansu ya kusanci maƙogwaro ko harshe. Ƙarzuwa ɗaya a cikin maƙogwaro wurin zama ce ga ɗigon ruwa har abada, harshe kuma in ya ɓantare babu mai mayar da shi. Garin gyaran gira ake rasa ido. Haka nan fetur, ruwan jabel da garin omo, babu abin da suke nema a nan.

Ɗauraye da ruwa mai tsabta, yarfe, ka bar shi ya bushe a inuwa. Jikin kuma ka zura masa ɗan ƙyalle a kan siririn kara ka goge.

Shafin sabulu

Wannan shi ne maganin da ke ɗaukar kwanaki yana aiki. Sabulu yana hana ruwa dunƙulewa, saboda haka in ka bar ɗan shafinsa ya bushe a cikin maƙogwaro, raɓar da za ta sauka sai ta baje ta zame ta wuce. Masu busa sarewar katako a Turai sun daɗe da sanin haka, har kamfanin Moeck na Jamus yana sayar da wani ruwa a ƴar kwalba mai suna Antikondens don wannan aikin. Ba sai ka aika an sayo maka ba, sabulun wanke kwanoni da ke kantin unguwa ya wadatar.

Ga yadda nake yi. Ɗigo 1 na sabulun ruwa cikin cokalin shayi 1 na ruwa mai tsabta, a cikin ɗan kofin shayi, in juya a hankali kada ya yi kumfa. In juya sarewar baki ya kalli ƙasa, in ɗiga ɗigo 2 ko 3 ta wajen taga, su gangara cikin maƙogwaro su fito ta baki. In ɗan jujjuya ta don ruwan ya taɓa rufi da daɓe duka. Sannan in rufe taga in yi huri ɗaya don rarar ta fita, in goge wajen bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle, in jingine ta ta bushe. Da hunturu awa ɗaya ta isa, da damina a bar ta ta kwana. Ba a ɗauraye wannan, shafin da ya bushe shi ne maganin.

Abubuwa uku ke ɓata shi. Na farko a yi shi kan datti, sabulu bisa maiƙo aikin banza ne, sai an yi wanka tukuna. Na biyu a cika sabulu, sai ka fara busa kumfa ta riƙa fitowa ta taga, bakinka ya yi ɗaci. In ɗigo 1 bai yi maka ba ƙara zuwa 2, kada ka wuce haka da yawa. Na uku a busa kafin ya bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya, in kana da wasa ranar Asabar da dare, yi shafin tun Juma'a.

Ka nemi sabulu marar ƙamshi sosai, don duk abin da ke ciki hancinka da harshenka za su sani. Sabulun wanka mai sa laushin fata ba ya yi, akwai mai a cikinsa. Wasu suna sa man goge haƙora don yana da sinadari mai kumfa irin na sabulu, amma yana barin farin gari a kusurwoyi, ni na daina. Da sanyi, mai busa kullum zai sabunta shafin kamar sau ɗaya a mako, ko duk ranar da ya ji shaƙewa ta fara dawowa da wuri. Da bazara ka manta da shi.

Mai toshiyar katako

Clarke ta asali dabam take. Katakon da ke bakinta yana shan ɗan ruwa, saboda haka ba ta saurin shaƙewa kamar ta roba. Amma katako yana kumbura in ya jiƙa, ya tsuke in ya bushe, kuma busasshiyar iskar hunturu tana iya sa shi ya yi sako-sako. Kada ka jiƙa ta cikin ruwa. Busasshen tsirin kati ko gashin kaza ya isa share ta. In za ka yi mata shafin sabulu, ɗan jiƙa tsirin kati da ruwan sabulun ka goga a ciki, ba ɗigawa ba. Rufin maƙogwaronta gwangwani ne mai laushi, cizo ɗaya ko zama a kanta cikin aljihu yana lotsa shi, saboda haka in ta dusashe fara duba ko tsagar ta canza kama. Kuma da yake ƙarfe ne aka shafa wa kuza, in ta kwana da ruwa tana tsatsa.

Bayan kowane zama, ko wace iri ce taka, fitar da ruwan, yarfe, goge, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin ka ajiye. Jakar ƙyalle ta fi leda, don leda tana kulle laima, da damina har funfuna take yi. Da hunturu kuma kada ka bar ta tsirara a kan tebur, ƙurar kwana ɗaya ta isa. Ƙarƙashin kujerar babur da gaban gilashin mota da rana ba wurin ajiyar kan roba ba ne.

In aiki ya kai ka ɗakin ɗaukar sauti mai na'urar sanyi, ko wasan dare a bakin kogi, tafi da sarewa biyu masu sauti ɗaya. Ɗaya a baki, ɗaya a aljihun ƙirji kanta yana ƙasa. Da ta bakin ta fara dusashewa ka yarfe ta, ka musanya. Tsakanin waƙa da waƙa kuma kada ka ajiye ta a kan tebur ko kujerar ƙarfe, cikin minti biyu za ta huce, sai ka koma farko. Soke ta a hammata ko cikin hannun riga har a kira ka.